Yoyon RAM a Zuciyar Android: Yadda Injiniyoyi Ke Bambance Yoyon Gaske da Rahoton Ƙarya

Duk wanda ya daɗe yana riƙe wayar Android ya san wannan hali. Idan an kashe ta an kunna, sai ta tashi garau, komai na buɗewa nan take. Amma idan aka yi mako biyu ko uku ba a kashe ta ba, sai ta fara nauyi. A leƙa Facebook a dawo WhatsApp, a tarar ya rufe kansa. Kyamara ta riƙa jan ƙafa kafin ta buɗe. Da an sake kashewa an kunna, sai ta koma kamar sabuwa.

Dalilan da ke jawo haka suna da yawa, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne abin da masana ke kira yoyon RAM. Mafi wuyar sha'ani a cikin irin wannan yoyo shi ne wanda ke faruwa a can cikin kanel, wato zuciyar babbar manhajar waya. Injiniyoyin Linux suna da wani kayan aiki mai suna kmemleak da ke farautar irin wannan matsala. Sai dai yana da wani hali: lokaci zuwa lokaci yakan nuna wa marar laifi yatsa. Idan injiniya ya gaskata rahoton ƙarya ya yi gyara a inda babu ɓarna, yana iya buɗe ƙofar da masu kutse za su shiga waya. Idan kuma ya ɗauki yoyon gaske a matsayin ƙarya ya rufe masa baki, miliyoyin wayoyi za su fita kasuwa da ciwo a jikinsu.

Mene ne kanel, kuma mene ne yoyo?

Android an gina ta ne a kan kanel ɗin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a ƙasar Finlan. Ko wayar Tecno ce, ko Infinix, ko itel, ko Samsung, ko Redmi, a ƙarƙashin duk kwalliyar da ake gani a fuska Linux ne ke aiki. Wayar iPhone tana da nata kanel daban mai suna XNU, don haka bayanin da ke tafe ya shafi Linux ne.

Kanel shi ne mai rabon kaya. Shi ke ba kowace manhaja rabonta na RAM, shi ke tsara wa furosesa aikin da za ta fara yi, kuma ta hannunsa ake magana da kyamara, Wi-Fi, Bluetooth da fuskar waya, ta hanyar wasu ƙananan manhajoji da ake kira direbobi. Shi ma kanel ɗin yana buƙatar RAM don aikin kansa. Mafi yawansa an rubuta shi ne da yaren C, kuma a wannan yare babu mai share wa mutum ɗaki. Wanda ya ari wuri a RAM da umarnin kmalloc, shi ne zai mayar da umarnin kfree idan ya gama. Idan ya manta, kuma adireshin wurin ya ɓace masa, to wurin ya zama maraya: ba mai amfani da shi, ba kuma mai iya karɓe shi. Wannan shi ne yoyo.

Idan manhaja ce irin ta wasa ko ta kallon bidiyo ke yoyo, abin da sauƙi. Da zarar an rufe ta, kanel zai kwashe duk RAM ɗin da ya ba ta. Android ma tana da wani ma'aikaci mai suna lmkd da ke kashe manhajojin da ke baya idan RAM ta yi ƙaranci. Amma idan kanel ne da kansa ke yoyo, babu wanda ke sama da shi da zai karɓe. Sai lmkd ya yi ta kashe manhajojin da ba su ji ba ba su gani ba, alhali ramin yana wani wuri. Maganin kawai shi ne a kashe waya a kunna.

Lissafi ɗan ƙarami ya isa ya nuna girman abin. A ɗauka wani direba yana zubar da KB 1 kacal a kowace daƙiƙa. A yini guda akwai daƙiƙa 86,400, ke nan kusan MB 84 ta tafi. A mako biyu an haura GB 1. A wayar da ke da RAM na GB 3 ko GB 4, wannan asara ce da mai waya zai ji a jikinsa. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido.

Misalin shagon caji

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar aikin kmemleak ita ce a tuna shagon cajin waya. Mai shago yana da gurabe masu lamba. Duk wanda ya kawo waya, sai a sa ta a gurbi a ba shi kati mai ɗauke da lambar gurbin. Gurbin shi ne wurin da aka ara a RAM, katin kuma shi ne abin da masu rubuta manhaja ke kira manuni, wato wata lamba da ke ɗauke da adireshin wurin.

Yanzu a ce mai shago yana zargin akwai guraben da aka cika amma katinsu ya ɓace. Sai ya tura yaronsa ya zagaya, ya duba hannun kowa da aljihun kowa. Duk gurbin da aka ga katinsa, a ɗauka yana da mai shi. Sannan yaron ya buɗe waɗannan guraben ya duba ciki, domin wani yakan ajiye katin gurbi na biyu a cikin jakar wayar da ke gurbi na farko. Haka zai yi ta bi har ya ƙure. Duk gurbin da ya rage ba a ga katinsa a ko'ina ba, sai ya rubuta sunansa a takarda ya kai wa maigida.

Inda gizo ke saƙar shi ne, rashin ganin kati ba ya nufin babu katin. Wani ya cusa nasa a cikin hula, inda yaron bai duba ba. Wani yana cikin miƙa wa ƙaninsa nasa ne daidai lokacin da yaron ya wuce. Wani kuma ya haddace lambar ya rubuta ta da wata alama da shi kaɗai ya gane. Duk waɗannan gurabe za su fito a takardar yaron, alhali masu su suna nan.

Yadda kmemleak ke zagayensa

Catalin Marinas, injiniya a kamfanin ARM da ke Ingila, shi ne ya rubuta kmemleak, kuma ya shiga Linux a sigar 2.6.31 da ta fito a 2009. ARM ɗin nan shi ne kamfanin da ke zana tsarin furosesar da kusan dukkan wayoyin zamani ke amfani da shi.

Ba a kunna kmemleak sai an zaɓi CONFIG_DEBUG_KMEMLEAK lokacin haɗa kanel. Idan an kunna, duk sanda aka ari wuri da kmalloc, vmalloc ko kmem_cache_alloc, sai ya rubuta adireshin, da girman wurin, da jerin umarnin da aka bi har aka kai ga aron. Idan aka mayar da wurin, sai ya goge shi daga littafinsa.

Duk bayan minti 10, sai ya fita zagaye, kuma yana amfani da launuka wajen rarrabewa. Da farko yakan ɗauki kowane wuri a matsayin fari, wato abin zargi. Sai ya fara karanta sassan RAM da aka tabbatar suna raye, kamar inda kanel ke ajiye bayanansa na dindindin da inda ayyukan da ke gudana ke ajiye na wucin gadi. Duk lambar da ya gani ta yi daidai da adireshin wani farin wuri, sai ya mayar da wurin toka-toka, wato an ga mai shi. Daga nan sai ya shiga cikin toka-tokan yana neman wasu adireshin, har sai sun ƙare. Abin da ya rage fari shi ne yake kai rahotonsa a fayil ɗin /sys/kernel/debug/kmemleak.

Akwai abu biyu da ya kamata a riƙe. Na farko, kmemleak ba ya mayar da komai da kansa, rahoto kawai yake bayarwa. Na biyu, saƙon da yake rubutawa a kundin kanel yana cewa ne "new suspected memory leaks", wato sababbin wuraren da ake zargin suna yoyo. Zargi ya ce, bai ce hukunci ba. Kowane rahoto yana zuwa da adireshin wurin, girmansa, sunan aikin da ke gudana lokacin da aka are shi, bayit 32 na farko na abin da ke ciki, da jerin umarnin da suka kai ga aron. Sauran aikin na ɗan Adam ne.

Ta ina rahoton ƙarya ke ɓullowa?

Hanya ta farko ita ce a ajiye manuni a inda kmemleak ba ya dubawa. Kanel yana iya aron RAM shafi-shafi kai tsaye da umarnin alloc_pages, kuma kmemleak ba ya bin sawun irin wannan aro, ba ya kuma karanta abin da ke ciki. Haka nan ba ya bin wuraren da aka buɗe da ioremap don magana da na'urori. Idan direba ya ajiye manuninsa guda ɗaya tilo a irin wannan wuri, to katin yana cikin hula.

Hanya ta biyu ita ce adireshi ya canza kama. Kowane wuri a RAM yana da adireshi iri biyu: wanda manhaja ke gani, da na zahiri wanda na'ura ke amfani da shi. kmemleak yana neman na farko ne a irin wannan aro. Amma akwai wani sashe a cikin guntun waya mai suna IOMMU, wanda ke tsare yadda kyamara, fuska da na'urar sarrafa bidiyo ke taɓa RAM, kuma jadawalinsa da adireshin zahiri yake aiki. Direba zai ari wuri don ƙaramin jadawali, ya rubuta adireshinsa na zahiri a babban jadawali, ya jefar da na farkon, domin yana iya lissafo shi duk sanda ya so. A idon kmemleak wannan wuri maraya ne, alhali na'ura tana karanta shi dare da rana. Don haka ne aka sa alamar kmemleak_ignore a kan irin waɗannan ƙananan jadawalai a direban IOMMU na Exynos na Samsung, da kuma a tsarin jadawalin ARM v7s da direban MediaTek ke amfani da shi. MediaTek kuwa su ke ƙera guntun Helio da ke cikin wayoyin Tecno da Infinix da dama.

Wani salon canza kama ya bayyana a furosesar ARM mai bit 64. Irin wannan furosesa tana iya kau da kai daga bit 8 na saman adireshi, don haka wani kayan binciken mai suna KASAN ya riƙa sa tambari a wannan fili domin kama masu taɓa RAM ba bisa ƙa'ida ba. Da tambarin ya shiga, lambar da ke cikin manuni ba ta ƙara yin daidai da wadda kmemleak ke tsammani ba. Sai da aka gyara shi a 2019 ya koyi cire tambarin kafin ya kwatanta.

Hanya ta uku ita ce saɓani na lokaci. Wayar yau tana da ƙwaƙwalwar furosesa har takwas suna aiki a tare, kuma kmemleak ba ya tsayar da su lokacin da yake zagaye. Ana iya ɗauke manuni daga wurin da bai kai ga dubawa ba, a mayar da shi wurin da ya riga ya wuce. Ko kuma a daidai wannan lokaci manunin yana cikin rajistar furosesa, wato ɗan ƙaramin aljihun da take riƙe lamba a ciki tana aiki da ita. Kati na tsakanin hannu da hannu ke nan.

Hanya ta huɗu ita ce aron da dama ba a yi niyyar mayarwa ba. Lokacin da waya ke tashi, wasu sassan kanel sukan ari wuri sau ɗaya, su miƙa wa na'ura, su ci gaba da amfani da shi har a kashe wayar. Babu kfree a ko'ina domin ba a buƙatarsa. Wannan ba ya ƙaruwa, ba ya cutar da kowa, amma yana iya fitowa a rahoto.

Birkin da aka gina masa a ciki

Masu kula da kmemleak sun san da wannan rauni, don haka suka sa masa birki biyu. Na farko shi ne shekaru: ba ya kai rahoton wurin da aka ara yanzu-yanzu sai ya yi 'yan daƙiƙu a raye, domin sabon wuri ne ya fi yiwuwa manuninsa yana cikin rajista ko yana kan hanya.

Na biyu ya fi dabara. Idan ya ga farin wuri, yakan lissafa wata lamba daga abin da ke cikinsa, irin lissafin da ake kira CRC32, ya ajiye. A zagaye na gaba sai ya sake lissafawa. Idan lambar ta canza, alama ce wani ya taɓa wurin a tsakani, wanda ya taɓa kuwa dole ya san adireshinsa. Sai a ɗaga masa ƙafa a wannan zagayen. Gurbin da aka tarar an juya wayar da ke ciki, ai da mai shi a kusa. Wannan ne ya sa sau da yawa zagayen farko ba ya fitar da komai, sai na biyu.

Ko syzkaller, manhajar da Dmitry Vyukov na Google ya ƙirƙira don jefa wa kanel umarni barkatai ba dare ba rana domin tono kurakurai, ba ta yarda da zagaye ɗaya. Takan sa a yi zagaye, ta ɗan jira, a sake. Idan wani abu ya fito, ta ƙara jira ta sake sa a zagaya, sannan ta karanta sakamako. Abin da ya tsaya bayan duk wannan shi take ɗauka da muhimmanci.

Matakan da injiniya ke bi

Idan rahoto ya iso, injiniyan da ya san aikinsa ba ya garzayawa gyara. Yakan fara da maimaita zagaye da hannu, ta hanyar rubuta kalmar scan a cikin fayil ɗin kmemleak, sau biyu ko uku, da tazara a tsakani. Rahoton da ya samo asali daga saɓanin lokaci yakan ɓace da kansa.

Daga nan sai ya rubuta clear, wanda ke share duk tsofaffin rahotanni daga lissafi. Sai ya maimaita aikin da yake zargi, misali ya kunna Wi-Fi ya kashe sau ɗari, ya sake sa a zagaya. Idan sababbin marayu kusan ɗari suka fito, dukkansu da jerin umarni iri ɗaya, zargi ya yi ƙarfi. Idan kuwa guda ɗaya ne tun tashin waya kuma bai ƙaru ba, da alama aron dindindin ne. Sai dai ƙaruwa kaɗai ba hujja ba ce, domin jadawalan IOMMU ma suna ƙaruwa idan aiki ya ƙaru. Tambayar ita ce: idan aikin ya ƙare, suna raguwa?

Nan ne yake neman shaida ta biyu. Fayil ɗin /proc/meminfo yana da layin SUnreclaim, wanda ke nuna yawan RAM ɗin da kanel ya riƙe a rumbunan ƙananan aro wanda ba zai iya saki ba. Idan wannan lamba tana hawa ba sauka, kuma hawanta ya yi daidai da girman marayun da aka gani, yoyon na gaske ne. Akwai kuma umarnin dump, wanda idan aka haɗa shi da adireshi, kmemleak zai faɗi duk abin da ya sani game da wurin, har da yawan manunan da ya gano suna nuna shi.

Mataki na ƙarshe, wanda babu na'urar da za ta ɗauke wa mutum, shi ne karanta rubutun manhajar. Injiniya zai bi jerin umarnin har inda aka yi aron, ya tambayi kansa: ina aka kai adireshin? Wa ke da alhakin mayarwa? Idan wani mataki ya gaza a tsakiya, an mayar kafin a fita? Yoyon gaske yana yawan ɓuya a irin waɗannan hanyoyin fita na gaggawa, domin su ne ba a cika gwadawa ba. Ba a kiran rahoto ƙarya sai an iya nuna takamaiman inda manunin yake, da dalilin da ya hana kmemleak ganinsa.

Alamomin da ake sawa, da bambancinsu

Idan an tabbatar ƙarya ce, sai a sa alama a rubutun manhajar domin kada rahoton ya sake ɓata wa wani lokaci. Alamomin suna kama da juna, amma aikinsu daban.

kmemleak_not_leak yana mayar da wuri toka-toka har ƙarshen rayuwarsa. Ba za a kai rahotonsa ba, amma za a ci gaba da duba cikinsa don neman manunan wasu wurare. Shi ya dace da wurin da ke riƙe da katin wasu gurabe.

kmemleak_ignore yana mayar da wuri baƙi. Ba rahoto, ba kuma duba ciki. Shi ya dace da wurin da aka tabbatar babu manuni a cikinsa, kamar jadawalan da ke ɗauke da adireshin zahiri kawai. Idan aka yi kuskuren sa shi a wurin da ke riƙe da manunai, duk wuraren da suka dogara da shi za su koma marayu a rahoto, a kashe ƙarya ɗaya a haifi goma.

kmemleak_alloc yana ba injiniya damar gabatar wa kmemleak da wurin da bai sani ba, kamar shafin da aka ara kai tsaye, domin ya riƙa duba cikinsa. Sau da yawa wannan ya fi rufe baki, domin nuna wa yaron shago hular ake yi, ba hana shi magana ba. Ana ba shi wata lamba da ke faɗin manuni nawa dole a gani kafin a yarda wurin yana da mai shi. Idan aka sa 0, ba za a taɓa kai rahotonsa ba amma za a duba cikinsa.

Ƙa'idar da ke ƙarƙashin duk wannan ita ce a zaɓi alamar da ta fi ƙaranta makantar da kmemleak, sannan a rubuta dalili a gefenta don wanda zai zo daga baya.

Wani abin da ya faru a ƙarshen 2024 ya nuna wannan ƙa'ida a aikace. An riƙa samun rahoton yoyo daga sashen iova, wanda ke raba wa na'urori adireshi a ƙarƙashin IOMMU. Da aka bincika, sai aka ga wasu ƙullin bayanai ne da ke jere kamar sarƙa, kowanne yana nuna na gabansa kawai. Idan aka zare na kan gaba daidai lokacin zagaye, manunin wanda ke biye da shi yakan koma wani wuri, ba tare da an taɓa komai a cikinsa ba. Tunda cikinsa bai canza ba, dabarar CRC32 ba ta cece shi. Da an sa masa kmemleak_not_leak, da an huta da rahoton, amma da an rufe ido daga duk yoyon gaske da zai iya faruwa a wurin nan gaba. Sai Catalin Marinas ya ƙara sabuwar alama mai suna kmemleak_transient_leak, wadda ke goge lambar da aka lissafa, ta tilasta a sake zagaye ɗaya kafin a kai rahoto. Idan wurin yana da mai shi, za a gan shi a zagaye na gaba. Idan maraya ne da gaske, rahoto zai fito.

Me ya sa ake wannan taka-tsantsan?

Domin gyaran rahoton ƙarya ya fi yoyon kansa haɗari. A ce injiniya ya gaskata rahoton, ya ƙara kfree a wurin da har yanzu ana amfani da shi. Kanel zai ba wani wurin, alhali mai shi na farko yana nan da katinsa yana karantawa yana rubutawa. Mutum biyu a gurbi ɗaya ke nan. Idan an yi sa'a, waya za ta daskare ko ta kashe kanta. Idan ba a yi sa'a ba, mai kutse zai tsara yadda bayanansa za su faɗa daidai wannan gurbi, ya sa kanel ya yi masa aiki. Garin neman ƙiba an samo rama.

Irin wannan rauni na amfani da wuri bayan an mayar da shi ba tatsuniya ba ce. A watan Oktoba na 2019, Maddie Stone ta rukunin Project Zero na Google ta bayyana raunin CVE-2019-2215 a sashen Binder na Android, wanda aka samu alamun ana amfani da shi wajen kutse. Ya shafi wayoyi irin su Pixel 2, Galaxy S9 da Huawei P20, kuma yana iya ba manhajar mugunta cikakken iko a kan waya. Ba gyaran rahoton kmemleak ne ya haifar da shi ba, amma jinsinsa ɗaya da abin da kfree na kuskure ke haifarwa.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, shirun kmemleak ba shaidar lafiya ba ce. Yana karɓar duk lambar da ta faɗa a cikin iyakar wuri a matsayin manuni, ko da tsakiyarsa take nunawa, domin haka jerin bayanan kanel suke aiki. To wata lamba da ba ta da alaƙa da komai, ko tsohon manunin da aka manta ba a goge ba, tana iya yin daidai da adireshin maraya ta ɓoye shi. Akwai alamomi irin su kmemleak_no_scan, kmemleak_scan_area da kmemleak_erase da ke rage wannan. Haka kuma idan direba yana ta tara kaya a jerin da ba ya taɓa sharewa, kmemleak ba zai ce uffan ba, domin kowane gurbi yana da kati.

Abin da ya shafi mai waya

Mai karatu ba zai samu kmemleak a wayarsa ba. Yana rage saurin kanel, yana kuma cin RAM wajen ajiye littafinsa, don haka a ɗakin gwaji ake kunna shi. Tun daga Android 11 ma Google ta fara rufe hanyar shiga debugfs, inda fayil ɗin yake, a wayoyin da ake sayarwa. Amma akwai abubuwan da mai waya zai amfana da su.

Cikar RAM ba ita ce yoyo ba. Android da gangan take barin manhajoji a RAM domin su buɗe da sauri, kuma takan saki wurin idan an buƙata. Manhajojin da ke nuna jan launi suna cewa RAM ta cika, a danna a share, su ma rahoton ƙarya suke bayarwa. Ba su da ikon taɓa RAM ɗin kanel, kuma tun daga Android 14 an hana manhaja kashe ayyukan wata manhajar da ke baya.

Mai son dubawa da kansa zai iya buɗe zaɓin masu haɓaka manhaja ta hanyar taɓa lambar sigar waya sau bakwai a cikin saituna. A wayoyi da yawa akwai shafin da ke nuna matsakaicin amfani da RAM na awa 3, 6, 12 ko yini guda. Mai kwamfuta da adb kuma zai iya karanta /proc/meminfo ya rubuta lambar SUnreclaim bayan kunna waya, ya sake dubawa bayan kwana uku, sannan bayan mako. Hawa da sauka al'ada ce. Hawa kullum babu sauka shi ne abin lura, kuma ko shi zargi ne, kamar na kmemleak.

Kashe waya a kunna sau ɗaya a mako yana kwashe duk abin da ya taru, kuma wayoyin Samsung suna da zaɓin yin haka da kansu a lokacin da aka tsara. Amma wannan kwashe ruwa ne, ba toshe rami ba. Toshewar tana zuwa ne ta sabuntawar da kamfanin waya ke turowa, wadda ke ɗauke da gyare-gyaren kanel da direbobi. Don haka idan saƙon sabuntawa ya shigo, ya fi kyau a nemi data da caji a sauke shi, maimakon a yi ta ɗage shi zuwa gobe.